Tambari da Aska Biyu

Shekara goma sha tara Ya'u ya yi a Jidda, babu mai kaki ko ɗaya da ya taɓa ce masa ya kawo iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar. Kada ka ce sa'a ce, mutumin dai ya san kansa. Aikin umara ya zo yi daga Zariya a wani watan azumi, ya gama ɗawafinsa, jirgi ya tashi da abokan tafiyarsa shi kuwa yana unguwar Sa'alaba yana koyon hura gawayi. Tun daga ranar ba ya tsayawa inda mutane suka taru, ko da me ake rabawa. Ba ya kuma shiga wuri sai ya fara sanin inda ƙofar baya take. A haka ya auri Rahama, wadda ita ma ba ta da takarda, suka haifi Hikima a cikin ɗaki, yarinyar da yanzu take da shekara goma sha ɗaya, sunanta bai shiga littafin kowace hukuma ba. Ya'u ya sani sarai, ranar da aka kama shi sai tarhil, wato a tsare shi a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, ba kuma zai sake taka ƙasar nan ba. Rahama da Hikima kuwa sai dai ya riƙa jin muryarsu a waya.

Aikinsa tsire, wanda mutanen Hijaz suke ce wa siriya. A wurin Hajiya Turai yake, tun makonsa na biyu a garin. Ita Hajiya haifaffiyar Jidda ce, da takardun ƙasa a hannunta. Mahaifinta, marigayi Alhaji Muntaka, a ƙasa ya tako daga ƙasar Sakkwato, ya biyo ta Sudan, ya yi aikin hajjinsa, ya kafa tukubar tsire a Sa'alaba, a kanta ya tsufa. Hajiya ta gaji tukubar, ta mai da ita ɗan shago. Ɗanta Thamer, mai shekara talatin da biyu, shi ne da lasisi. Harshen Ya'u bai taɓa iya wannan suna ba, Samiru yake ce masa tun yana ɗan makaranta. Thamer kuma yakan ce masa Ammi Ya'u, wato Baffa Ya'u. Thamer ɗin yana jin Hausa, amma in zai yi ta sai ka ji mace ta koma namiji, rabin zancen ya zame Larabci.

To, ranar da abin ya faru Alhamis ce, ranar buɗe sabon shagonsu a unguwar Madain Fahd. Shago na gaske, da gilashi da na'urar sanyi da kujeru, da wani makeken allo a saman ƙofa wanda aka lulluɓe da farin yadi. Mota mai ƙugiya ce ta ɗora shi da safe, da lulluɓinsa da komai, ta kama gabanta. Hajiya ta ce ba mai leƙawa sai bayan la'asar.

Da hantsi ta zo da wani abu a naɗe cikin zani. Ta kwance, sai ga babbar riga, tsohuwa, saƙi, shuɗinta ya fara komawa toka-toka. Ta ce ta mahaifinta ce, shekara arba'in tana ƙasan akwati, yau za ta sa ta a gilashi a bango don albarka. Ya'u ya fito daga wurin gashi da tsinken nama a hannu, ya tsaya cak. Shi fa ɗan gidan maɗinka ne, a zauren ɗinkin hannu ya buɗi ido, kafin duniya ta mai da shi mai tsire. Ya dubi aikin zaren tsamiya da ke ƙirjin rigar, ga kewayayyen zanen nan a dama, ga dogayen tsini biyu sun gangaro ta gefen aljihu. Ya ce a ransa, kai, wannan hannu ya san allura. Ya so ya yi magana, sai Thamer ya leƙo ya ce, "Yalla ya Ammi, nama, mutane ta kusa zuwa." Ya koma cikin hayaƙinsa.

Bayan la'asar titin ya cika. 'Yan uwa daga Sa'alaba, maƙwabtan shago, Yamalawa masu sayar da turare, har da wasu da suka taso tun daga unguwar Abhur don sun saba da yajin Hajiya. Ya'u yana ciki, bayan labule, inda ya fi so. An kawo masa kwalin sababbin takardun naɗe nama, ya farke shi da wuƙa ya hau aiki. Ya ga dai akwai wani koren zane a bayan takardar, amma wa ya tsaya duba zane, ga hayaƙi a ido, ga mutum ɗari suna jiran ɗanɗano? Hannunsa ya san hanya. Ya naɗe kusan talatin, aka fita da su a faranti aka fara rabawa.

Yana jin muryar Hajiya daga waje, da Larabci ta fara sannan ta juya Hausa saboda tsofaffi. Ta ce, "Wannan allo tambarin mahaifina ne a kansa. Allah ya jiƙan Alhaji Muntaka." Aka ce amin. Aka ja igiya. Mata biyu suka ɗauki guɗa.

Guɗar ba ta kai ƙarshe ba. Ta yanke a tsakiya kamar an toshe musu baki.

Ya'u ya ɗaga kai. Shi da ya shekara goma sha tara yana sauraron titi da kunne ɗaya, ya san shirun da ba na lafiya ba. Ya ɗan ja labulen. Mutane duk sun ɗaga kai sama, bakuna a buɗe. Wani tsoho ya dafe ƙirji yana cewa, "La haula wa la ƙuwwata." Ya'u ba ya hango allon daga inda yake. Sai idonsa ya faɗa kan takardar da ke hannunsa, ya juya ta.

Innalillahi! Takubba biyu a gicciye, ga dabino a tsaye a samansu. Kore shar. Tambarin ƙasar Saudiyya ne, babu ragi babu ƙari, wanda yake jikin kuɗi, yake jikin fasfo, yake jikin katin nan da Ya'u bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. A ƙasansa an rubuta "Siriyar Muntaka." Ga man gyaɗa ya riga ya jiƙa dabinon, ga yaji ya manne a kan takubban. Ya leƙa ƙasa ta gilashi, ya hango takardu uku ko huɗu da aka ci naman aka yar, wani ma ya taka ɗaya da takalmi. 

A waje Thamer ya rikice. "Wallahi ma shuft! Ni bai gani ba, wallahil azim!" Yana faɗa yana zagaya wuri ɗaya. Ya ɗauki farin yadin ya wurga sama, yadin ya dawo masa a ka. Ya sake wurgawa, ya maƙale a kusurwa ɗaya, ya rufe sunan Muntaka ya bar takubban a fili. Aka nemi tsani, na mai turare bai kai ko rabi ba. Aka kira mai motar ƙugiya, ya ce yana can arewacin gari, sai bayan magariba. Su kuwa samari, maimakon su taimaka, kowa ya zaro waya yana ɗauka. Haba jama'a! Mutum yana cikin wuta ku kuna neman wurin da hoto zai fi fita.

Tsofaffin Sa'alaba, masu irin matsalar Ya'u, tuni suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Hajiya Turai ta shigo bayan labule, gyalenta ya zame, fuskarta ta yi fari fat. Mace mai shekara sittin da biyar, Ya'u bai taɓa ganin ta firgita haka ba sai ranar. Ta ce, "Malam Ya'u, ajiye komai, fita ta baya. Yanzu za su zo. Je ka wurin iyalinka."

Ya ce, "Hajiya, yaya aka yi haka?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Wuƙaƙe na ce, wuƙaƙen babana. Tafi, don Allah tafi."

Ba ta rufe baki ba motoci biyu suka tsaya a ƙofar shago. Ɗaya fara, wani mutum mai farar jallabiya da kati a wuya ya fito daga ciki, mufattishi, irin masu zagayen duba shaguna. Ɗayar ta 'yan sandan sintiri ce, taron ne ya jawo su. Ya'u ya juya ya nufi ƙofar baya. Ya zare sakata, ya buɗe. Ga lungu nan fayau, babu kowa sai kyanwa a kan kwandon shara. Taku ashirin kawai zai kai shi babban titi, ya shige cikin mutane, shi ke nan. Ya sa ƙafa ɗaya waje. Amma shagon ƙarami ne, labule kuma ba bango ba ne, duk abin da ake faɗa yana shiga kunnensa.

Mufattishin ba mai ɗaga murya ba ne, wannan ma shi ya fi ban tsoro. Ya sunkuya da kansa ya tsinci takardar da aka taka, ya kaɗe ta, ya riƙe ta da yatsu biyu. Ya tambayi mai lasisi. Thamer ya ce shi ne. Mutumin ya ce, "Kai ɗan ƙasa ne, a nan ka yi makaranta. Ka san doka ta hana a sa tambarin ƙasa a allon shago ko a kayan sayarwa. Kai ba ka tsaya a allo ba, ka naɗe nama da shi, ana zubarwa a titi. Wa ya ba ka izini?"

Thamer ya kama rantsuwa, ya ce mai buga allon ne ya yi kuskure. Mutumin ya ce kowa haka yake cewa.

Nan fa Hajiya ta shiga tsakani don ta ceci ɗanta, ta kuwa ƙara dagula al'amarin. Da Larabcinta na Jidda mai kyau ta ce, "Ya sidi, yaron nan ba shi da laifi. Ni na sa shi. Wannan tambarin gidanmu ne, na mahaifina, tun daga ƙasarsa ya zo da shi."

 Mufattishin ya dube ta, ya dubi allon, ya sake duban ta. Ya ce, "Ya hajja, kin san abin da kike faɗa kuwa? Kina cewa tambarin ƙasa na gidanku ne?"

"A'a, ba haka nake nufi ba, nufina wuƙaƙe biyu da bishiya..."

Mufattishin ya ɗaga hannu. Ya ce da kuskuren bugu ne da sai a yi magana, amma tunda uwar da bakinta ta ce da gangan aka zaɓa, abin ya fi ƙarfinsa. Za a rufe shagon, mai lasisi kuma zai bi 'yan sanda a rubuta bayaninsa, sauran kuma na masu bincike ne. Ɗan sandan ya matso ya tsaya kusa da Thamer.

Hajiya ta fashe da kuka, ta koma Hausa, harshen da take kuka da shi. Ta ce, "Wayyo Baba! Kai fa ka ce mini in riƙe. Ina 'yar shekara sha biyu ka zaunar da ni ka ce, Turai, tambari da aska biyu, shi ne gadon gidanmu. Na riƙe, ga inda ya kai ni."

Ya'u yana bakin ƙofar baya ya ji maganar. Tambari da aska biyu? Ya maimaita a hankali. Kai! Allahu akbar! Ashe nan gizo yake saƙa. Tsohon ba zancen wuƙa yake ba, ba kuma zancen hatimi yake ba. Sunan ɗinki ya faɗa wa 'yarsa. Ga shi can a rataye a bango cikin gilashi, kowa yana wucewa ta gabansa. A duk mutanen da suka rage a wurin, Larabawa da 'ya'yan Jidda da Yamalawa, babu mai iya karanta rigar nan sai shi kaɗai.

Ya dubi lungun. Ya tuna fuskar Hikima lokacin da take jiran ya dawo mata da ɗan naman da yake ɓoye mata a aljihu. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ce wa kansa, Ya'u, ba ruwanka, Samiru ɗan ƙasa ne, ko an tafi da shi zai dawo. Amma ya san irin wannan magana, in ta shiga takarda a yadda Hajiya ta faɗe ta, ba a san inda za ta tsaya ba, ga hotuna kuma sun riga sun bazu. Matar nan ita ta karɓe shi ba ta tambaye shi ko rabin takarda ba. Ranar da Rahama take naƙuda ba halin zuwa asibiti, ita ta zo da kanta ta karɓi haihuwar.

Sai wani tunani ya zo masa. In ya fita ta labule da rigar aiki, ya ceci Samiru daga laifi ɗaya ya jefa shi cikin wani, laifin ɗaukar ma'aikaci marar iƙama. Ya cire rigar aikin ya cusa ta a kwandon shara. Ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya goge fuska, ya gyara hula. Ya fita ta lungu, ya yi taku ashirin ɗin nan, ya isa babban titi. Hagu hanyar Sa'alaba ce. Ya juya dama, ya zagayo ta gaban shago, ya kutsa cikin taro, abin da bai taɓa yi ba tun da ya zo garin.

Ya yi sallama da Larabcinsa na kasuwa. Ya ce, "Ya sidi, ni baƙo ne, nama na zo saya. Na ji abin da tsohuwar nan ta faɗa da yarenmu. Ba ta san ma'anarsa ba. In ka yarda in nuna maka."

Hajiya ta ɗago ta gan shi. Bakinta ya buɗe. Ya'u ya kawar da kai kamar bai taɓa ganin ta ba.

Mufattishin ya ce, "Nuna."

Ya'u ya sa aka sauko da gilashin, aka fito da rigar aka shimfiɗa a kan teburi. Ya ɗora hannu a kanta. Ya bi kewayayyen zanen da yatsa, zagaye cikin zagaye. Ya ce, "Wannan sunansa tambari. A ƙasarmu tambari ganga ce ta sarauta, maɗinka suka ara suka sa wa wannan zane. Kalmar kuma ita ce dai muke kiran alama da ita, irin ta hukuma ko ta kamfani. Kalma ɗaya ce, sidi." Ya gangara kan dogayen tsinin nan. "Waɗannan kuma aska. Ƙirga, ɗaya, biyu. Aska biyu. Akwai mai takwas, ta manya. Aska ma ba wuƙa ba ce balle takobi, abin aske kai ce. Mahaifinta maɗinki ne. Cewa ya yi sana'ar gidansu ɗinkin tambari da aska biyu. Ita a nan aka haife ta, ta buɗi ido ta gan shi da wuƙaƙen nama, ta ɗauka su yake nufi."

Hajiya ta ce da ƙaramar murya, "Maɗinki? Babana?"

Ya'u bai dube ta ba, rigar ya amsa wa. Ya ce, "Wanda ya yi wannan aiki ya fi shekara ashirin yana riƙe da allura. Da ya zo nan bai sami mai sa babbar riga ba, shi ya sa ya kama sana'ar tsire."

Ta zauna a kujera daɓas, ta rufe fuska da gyale.

Mufattishin ya sunkuya ya taɓa zaren. Ya ce, "To dabinon fa?"

Thamer ya tuna da wayarsa. Ya buɗe saƙon muryar da uwarsa ta tura masa wata guda da ya wuce. Muryar Hajiya ta fito da Hausa: a sa tambarin Baba, aska biyu, a haɗa da giginyar da yake ba su labari, ta ƙofar gidansu a can gida. Sai muryar Thamer yana tambaya, "Giginya ya'ani esh, ya Ummi?" Ta ce, bishiya ce doguwa, kamar dabino. Ya'u yana fassarawa kalma da kalma. Sannan ga saƙon da Thamer ya tura wa mai bugu da Larabci: wuƙa biyu da bishiya irin dabino, a yi shi kore. Mai bugun ya maido da hoto don a duba. Thamer ya amsa da "Halas, tawakkal alallah," wato shi ke nan, a buga. Hoton kuwa yana nan dishi-dishi da 'yar kibiya a tsakiyarsa, ko buɗe shi bai yi ba.

Mufattishin ya daɗe yana kallon hoton da ba a buɗe ba. Ya girgiza kai, ya ce wa Thamer maganar da ba sai na maimaita ba, ta dai dace da shi. Sannan ya yanke: allo ya sauko yau, kafin isha. Takardun naɗi duka, har na ƙasa, a tsince su a haɗa a kwali a ba shi. Shago a rufe sai an kawo sabon allo ya gani da idonsa. Zai rubuta kuskure ne ba ganganci ba, Thamer kuma ya zo ofis ranar Lahadi da ƙafarsa ya sa hannu. Ɗan sandan ya ja da baya daga kusa da Thamer. Mutane suka sauke numfashi, wata mata ta ce alhamdulillahi da ƙarfi.

Ya'u ya fara ja da baya a hankali, taku ɗaya, taku biyu.

Mufattishin ya ce, "Dakata, ya hajj. Kai ka yi fassara, dole sunanka ya shiga takarda." Ya zaro alƙalami. "Sunanka? Kawo iƙama in kwafi lamba."

Ka ji tambayar da ya shekara goma sha tara yana kauce wa, ta zo masa cikin ladabi, har da "ya hajj." Ya'u ya ce, "Ya'u Zaharadden."  Mutumin yana jira da alƙalami a sama. Ya'u ya ce, "Ba ni da ita, sidi."

Alƙalamin ya sauka a hankali. Ya'u ya ga mutumin bai ji daɗi ba, amma a gaban ɗan sanda aka faɗa, a gaban wayoyi ashirin. Ɗan sandan ya matso. Ya dubi hannayen Ya'u, masu tabon wuta har gwiwar hannu, ya shaƙi ƙamshin hayaƙin da sabulu bai iya fitarwa ba. Ya juya wurin Thamer ya ce, "A nan yake aiki?"

Thamer ya buɗe baki, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya'u ya riga shi. Ya ce, "Ban san su ba. Yau na fara ganin su. Na ce maka nama na zo saya."

Ɗan sandan ya tambayi Hajiya ko ta san shi. Ya'u ya dube ta, karo na farko tun da ya shigo, ya ɗan girgiza kai yadda ita kaɗai za ta gani.  Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙe ta naɗe rigar mahaifinta, ta zo ta ɗora masa a hannu. Ta ce da Hausa, "Bawan Allah, karɓi tukuici. Kai ka san abin da ke jikinta." Ta rage murya. "In kana da iyali a garin nan, sun zama nawa."

Ya ce, "Na gode, baiwar Allah."

Aka buɗe masa bayan mota ya shiga, rigar a kan cinyarsa. Gilashin a ɗan sauke yake. Yana hango takubban nan biyu a sama, yana hango Thamer a durƙushe a titi yana tsintar takardu masu maiƙo ɗaya bayan ɗaya, yana share ido da kafaɗa. Sai wani wari ya iso hancinsa daga cikin shago. Tsire ne, tsinke arba'in da ya bari a kan wuta, babu mai juyawa, ya fara ƙonewa.

Ya'u ya matsa jikin taga, ya buɗe baki zai ce, "Samiru, nama!" Sai ya tuna bai san shi ba. Ya rufe bakinsa, mota ta tashi.